Mubarak zai shigo, barden Abba ya mutu: a wane mataki za su fara?

Bishir: Assalamu alaikum. Akwai maganar da nake so mu gama ta a nan kafin Asabar, don kada gardama ta cinye mamu lokacin zama. Abu biyu ne suka haɗu. Mubarak ƙanen Nafi'u ya gama jarrabawa, yana so ya shigo tafiyar wasanmu na Dungeons & Dragons, inda nake jan labari, ku kuma kowa yana jan jaruminsa. Sannan kun ga yadda barden Abba, jarumin da yake ja a wasan, ya mutu a bakin rijiya satin da ya wuce. Babu lu'ulu'u mai darajar zinariya 300 da za a farfaɗo da shi, minti ɗayan da doka ta bayar ma ya wuce, shi ma sabon jarumi zai yi. Ku sauran kuna mataki na 7. Ranar da muka fara, wata goma sha huɗu ke nan, na ce duk sabon jarumi daga mataki na 1 zai tashi, kowa ya ce to. Amma a lokacin kowa yana mataki na 1, dokar ba ta taɓa kowa ba. Yau ta taɓa mutum biyu. Ina son jin ta bakinku.

Malam Lawal: Wa alaikumus salam. Ni dai a bar doka inda take. Ba a sauya ta ranar da ta zo kan wani, in ba haka ba tun farko ba doka ba ce. Yaron da aka kawo mani shago ba ranar nake miƙa mashi shadda da almakashi ba. Guga yake farawa da ita, ya sa maɓalli, ya yi kalmasa, sai na ga hannunsa ya faɗa sannan ya hau keke. Ba ƙiyayya ba ce, da rarrafe yaro kan tashi.

Nafi'u: Malam, yaron shagonka in ya karkace kalmasa warwarewa ake yi. Mubarak in ya yi kuskure ɗaya a inda muke yanzu, yaga takardarsa za a yi.

Sadiya: Ina wuninku. Bari in kawo lissafin, don Yaya Nafi'u bai yi ƙari ba. Da dokokin Dungeons & Dragons na 2014 muke wasa. Boka a mataki na 1 jininsa, wato yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi, 6 ne, a ƙara ƙarfin jiki, a ce 8. Barden Yaya Abba kafin ya faɗi jininsa 60. Matsafan da Yaya Bishir yake turo mana yanzu suna jefa dunƙulen wuta, ɗan lido mai fuska shida guda takwas ake jefawa, matsakaicinsa 28. Doka ta ce idan duka ya cinye jininka, abin da ya yi saura kuma ya kai yawan cikakken jininka, ka mutu nan take, babu suma babu jiran taimako. 28 a cire 8 saura 20. An gama. Kuma ba sai an nufe shi ba, ya isa a ce yana tsaye kusa da wanda aka nufa.

Turol ɗin nan, dodon da ya kore mu daga kurmi fa, farce ɗaya 11 yake cirewa, kuma sau biyu yake kaiwa a zagaye guda ban da cizo.

Malam Lawal: To ya tsaya a baya mana. Wa ya ce yaro ya shiga gaban yaƙi?

Usman: Wannan "ya tsaya a baya" ɗin shi ne abin da ban yarda da shi ba, Malam, ka yi mani haƙuri. Ni daga Daura nake tasowa duk Asabar. In gama abin da nake, in tafi tasha, in jira mota ta cika, in iso Katsina, in hau Keke Napep zuwa Ƙofar Ƙaura, bayan isha'i in nemi wajen kwana ko in kama hanya. Abin da yake sa ni wannan wahalar shi ne idan layi ya zo kaina ina da abin yi, kuma abin da na yi yana sauya labarin. Yanzu a ce yaro ya zo da ɗokinsa, mu zauna daga la'asar zuwa dare, duk sanda layi ya zo kansa ya ce "na ɓuya bayan dutse". Sati ɗaya, sati biyu. Na uku ba za ku gan shi ba, kuma ba zai faɗa maku dalili ba, kunya ba za ta bar shi ba. Zai ce mama ta aike shi.

Maman Ilham: Ni ba wasan nake ba, amma a falona ake yi, ina ganin fuskokinku. Yaron nan zama uku yana rakuɓe a bakin ƙofa yana kallo. Ranar da barden Abba ya faɗi har miƙewa ya yi tsaye.

Malam Lawal: Ku tsaya ku ji ni, don ba zalunci nake nema a yi ma yaro ba. Sadiya ta kawo lissafi, bari in kawo nawa daga littafin da take karantawa. Mataki na 2 maki 300 ne, wato makin da jarumi ke tarawa ya hau mataki. Na 3, 900. Na 4, 2,700. Na 5, 6,500. Mu da muke na 7 muna kan 23,000, kuma sai mun kai 34,000 za mu taka na 8. Wato 11,000 ke gabanmu. Makin yaƙi daidai ake raba shi tsakanin duk wanda ya halarta. Ke nan kafin mu ƙara mataki ɗaya tak, wanda ya faro daga sifili ya tara 11,000, ya wuce mataki na 5 yana hango na 6. Turol ɗin da take faɗi makinsa 1,800 ne, a raba wa mutum shida, 300 kowa. Faɗa ɗaya Mubarak ya shiga mataki na 2.

Kuma haka aka gina wasan tun asali. Na karanta dokokin wasan na 1981, mayaƙi yana buƙatar 2,000 ya kai mataki na 2, sai 4,000, sai 8,000, sai 16,000, a matakan farko ninkawa ake. Hikimar ita ce kafin babba ya yi taku ɗaya, ƙarami ya kusa kamo ƙafarsa. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974 jarumai ke mutuwa ana sake sababbi, ba a kanmu aka fara ba.

Sadiya: Lissafinka daidai ne Malam, ban musa ba. Sai dai duk yana rataye ne da sharaɗi guda: ya rayu. Makin turol na wanda ya ga ƙarshen faɗan ne. Idan ya mutu a zagaye na farko sai ya sake wani a mataki na 1, mu kuma mun ƙara nisa.

Malam Lawal: To ji wannan. Me ya sa turol ya gagare mu? Duk zagaye jininsa yana dawowa da 10, sai in an taɓa shi da wuta ko ruwan guba mai cin fata. Bokan mataki na 1 yana da ɗan tartsatsin wutar nan da ba ya ƙarewa, daga nesa yake harba shi. Da muna da shi ranar, da shi ne ya ceci tafiyar. Kuma wajen samun abin hari tazarar ba ta da yawa: shi yana ƙara 5 a kan ɗan lido mai fuska ashirin, bokan mataki na 7 yana ƙara 7. Garkuwar turol, wato adadin da sai an kai kafin duka ya same shi, 15 ce. Shi yana neman 10, babban yana neman 8. Wannan ne kuke cewa ba shi da amfani?

Sadiya: Wannan kam gaskiya ne, na karɓa. Wajen kai duka bai yi nisa da mu ba. Wajen shan duka ne ramin yake.

Jamilu: Salam. Ni ba ɗan teburinku ba ne, Bishir ne ya sa ni a nan tun muna makaranta, amma ku ba ni dama. Mu a Zariya Pathfinder muke yi, wani wasa irin naku, bugu na biyu na 2019. A can matakin jarumi kansa ake ƙarawa a kan kusan duk abin da ya ƙware a kai, kuma idan aka wuce garkuwarka da 10 dukan ninkuwa yake. Tazarar mataki shida a wajenmu ba ta ma tattaunuwa, mutum ba zai taɓa dodo ba, dodo kuma ba zai kuskure shi ba. Shi ya sa kowa a mataki ɗaya muke ajiye shi. Naku ya fi sassauci, abin da Malam ya nuna haka yake. Amma shawarata ku bar ƙidayar maki gaba ɗaya. Littafin jagora na wasanku na 2014 ya yarda mai jan labari ya ɗaga kowa tare idan an kai wata gaɓa a labarin. Rigimar wa ya fi wa maki sai ta mutu.

Malam Lawal: Wanda ya zo kullum da wanda yake zuwa sau ɗaya a wata su tashi daidai? A'a. Ko a adashe, wanda ya shigo a tsakiya sai ya cike zubin baya kafin ya ɗauka.

Usman: Adashe kuɗi ne Malam, in wani ya ɗauka wani ya rasa. A nan idan an ba Mubarak mataki na 7 me aka cire daga naka?

Malam Lawal: An cire ma'anarsa. Jarumina mai maganin nan da kuke gani, na san inda na samo kowane abu da ke takardarsa. Na tuna ranar da jininsa yake 9 muna gudun gobilin huɗu, ƙananan dodannin nan, a kwazazzabo. Na tuna ranar da ya kai mataki na 5 bayan mun kwana uku a labarin muna tsaron ganuwa. Bakwai ɗin nan tarihi ne a wajena. In ana iya rubuta shi da biro a minti goma, to me muka yi wata goma sha huɗu muna yi?

Abba: Tun ɗazu ina karantawa, na rasa ta inda zan fara. Ana ta maganar Mubarak, amma ni ma ina ciki.

Kun san yadda barden ya mutu. Macijin ya fito daga rijiya, jinin Sadiya saura 4, Malam ba shi da sauran magani, ƙofar fita kuma ta mutum ɗaya ce. Ina iya gudu, layina ne ya zo farko. Na tsaya a bakin ƙofar zagaye uku har kuka fice. Ban yi nadama ba, wallahi ko yau aka sake haka zan yi, don haka Barde yake, ba zai bar mutanensa ba. Amma ku duba abin da dokar take cewa. Wanda ya tsaya ya koma mataki na 1, waɗanda suka gudu suna 7. Idan haka ne, gaba wa zai sake tsayawa? Kowa zai riƙa lissafin kansa. Za mu koma tebur na masu leƙe daga bayan ƙofa, Yaya Bishir ya shirya faɗa babu mai shiga.

Malam Lawal: Abba, abin da ka yi ranar ya taɓa ni, na faɗa maka a waje. Amma abin da ya ba shi nauyi ai shi ne akwai asara. In mutuwa ba ta cin komai, tsayuwarka a ƙofar ba jarumta ba ce, canjin riga ne.

Abba: Asara kuwa na yi ta Malam. Takobin da muka sha wuya a kansa yana ƙasan rijiya. Alkawarin sarautar Ƙaura da sarkin labarin ya yi wa Barde ya tafi da shi. Ƙanwarsa da muke nema tun zama na uku, yanzu ba mai nemanta da zafin da yake nemanta. Jiya na ɗauko takardar, duk ta sha gogewa har ta huje wajen jini, na kasa jefar da ita. Wannan bai isa ba sai an ƙara mani da wata biyu ina ɓuya bayan Sadiya?

Nafi'u: Maganar Abba ta fi ƙarfina. Ni dai a kan Abba ina bayan a ba shi 7.

Bishir: Na ji, kuma tun nan na ga kuskurena. Na haɗa abu biyu a doka ɗaya alhali ba ɗaya ba ne. Abba tsohon ɗan wasa ne da sabon jarumi. Mubarak sabon ɗan wasa ne. Ko na ba Abba mataki na 15 ya san yadda zai juya shi. Mubarak fa?

Sadiya: Yawwa, nan ne ni ma nake rabuwa da masu cewa a ba shi 7 kai tsaye. Ni boka nake ja, bari in faɗa maku abin da ke takardata. Siddabaru 18 a littafi, in zaɓi 11 duk safiya, ga ƙanana 4 da ba sa ƙarewa, ga guraben jefa siddabaru hawa huɗu, kowanne da ƙidayarsa. Ni da na taso da ita tun tana da 6 a littafi da gurbi biyu kacal, har yanzu wani lokaci sai na buɗe waya na duba. A damƙa wa wanda bai taɓa jefa ɗan lido mai fuska ashirin ba wannan? Duk layinsa sai an tsaya, Yaya Nafi'u ya karɓi takardar ya ce "yi kaza", ƙarshenta Yaya Nafi'u ne ke jan jarumi biyu, Mubarak yana jefa masa ɗan lido. Wannan ma wani ɓuya bayan dutsen ne, sai dai ba a ganinsa.

Matakan farko makaranta ce, da gangan aka yi su gajeru. Maki 300, maki 900, zama ɗaya ko biyu an wuce. A bugun 2024 ma duk jarumai sai a mataki na 3 suke zaɓar reshensu, wato fannin da za su ƙware a kai, don mutum ya fara sanin gindin kafin reshe.

Malam Lawal: To ai maganata ke nan tun farko, 'yata.

Sadiya: Rabinta ce Malam. Na yarda ya yi makarantar. Ban yarda a yi mashi ita a gaban macijin da ya kashe Barde ba.

Usman: A tsakiya fa? Mataki na 5. A nan mayaƙi ke samun sara biyu, jini ya kai arba'in da wani abu, dunƙulen wuta ɗaya ba ya kashe shi. Littafin jagora ma ya ware daga 5 zuwa 10 a matsayin zango ɗaya, har ya faɗi guzurin da za a ba wanda ya fara a nan, zinariya 500 da ɗan ƙari. Ke nan su kansu sun san ana fara jarumi a sama.

Jamilu: Ku tambayi mai abin mana. Ana ta yanke mashi riga ba a auna shi ba.

Nafi'u: Gaskiya ne. Ga shi nan kusa da ni, na ba shi wayar.

Nafi'u: Assalamu alaikum, Mubarak ne. Ina gaida Malam da Yaya Bishir da kowa. Na karanta duka. Ni maharbi nake so in yi, mai baka da kwari, wanda ya taso a daji ya san sawun kowace dabba. Na riga na rubuta labarinsa a littafina shafi uku. Gaskiya ban san dokokin sosai ba, abin da na gani daga ƙofa ne kawai. In aka ba ni takarda irin ta Anti Sadiya zan rikice. Amma kuma ba na so in zama kaya a wajenku, a riƙa fasa shiga wuri saboda ni. Duk abin da kuka yanke na yarda. Abu ɗaya nake roƙo, in layi ya zo kaina a bar ni in yi tunani da kaina ko da zan daɗe kaɗan, kada Yaya ya faɗa mani.

Nafi'u: Na karɓi wayata. Na ji, kuma na ɗauki alkawari.

Maman Ilham: Allah ya yi maka albarka Mubarak. Baban Ilham, falon babu kowa ranar Talata da Alhamis bayan la'asar, in za ku yi mashi nasa daban.

Bishir: To ga abin da na gani, ku gyara mani in na kauce. Wannan Asabar ba za mu ci gaba daga rijiya ba, za mu ɗaga zuwa ta sama. Talata da Alhamis na wannan satin da na gaba zan ja ƙaramin labari a ƙauyen maharbin, abin da ya faru shekaru kafin ya haɗu da ku. Mubarak zai fara a mataki na 1, da kuraye da ɓarayin shanu daidai ƙarfinsa. Ina buƙatar mutum biyu su yi ƙananan jarumai su raka shi. Zama huɗu zai kai shi mataki na 3 ko na 4 da guminsa. Daga nan in ce shekaru sun wuce, mu zauna ni da shi mu ɗaga takardar zuwa 5, ina nuna mashi abin da ya ƙaru ɗaya bayan ɗaya. A 5 zai same ku, da maki 6,500. Ƙidayar maki tana nan, Jamilu ka yi haƙuri, mutanena suna son ta. Kafin ku kai 8 shi yana 6.

Abba kuma zai shigo a 7, da maki 23,000 cif, ƙasan matakin. Babu kayan tsafi ko ɗaya, babu takobi, babu alkawarin sarauta. Abin da Barde ya tara ya tafi da Barde.

Abba: Na yarda. Kuma ina cikin masu raka Mubarak. Ina tunanin sabon nawa ya zama wanda ya san ƙanwar Barde, in Yaya Bishir ya amince, don kada zancenta ya mutu.

Bishir: Kira ni da dare mu tsara.

Usman: Talata da Alhamis ba zan samu zuwa ba, hanya. Amma a riƙa turo mani abin da ya faru.

Malam Lawal: A kan Mubarak na gamsu, har na fi son wannan a kan abin da na faɗa. A kan Abba ban gamsu ba, kuma gara in faɗa a nan da in riƙe a ciki. Da 6 aka ba shi, mataki ɗaya ƙasa da mu, da na ce an yi adalci ga ɓangare biyu. Ina tsoron ranar da wani zai gaji da jaruminsa ya jefa shi rami da gangan don ya san 7 na jiransa. Ba Abba nake nufi ba, Allah ya sani.

Sadiya: In hakan ta faru ai za mu gane, Malam. Mu shida ne, mun san juna.

Malam Lawal: Za mu gane, amma lokacin doka ta riga ta ba shi. Bishir, ka rubuta cewa wannan hukuncin na wanda ya mutu a faɗa ne, wanda ya ajiye jaruminsa don kansa sai an sake zama a kansa.

Bishir: Na rubuta. Wa zai zama na biyu wajen rakiyar?

Malam Lawal: Ni. Zan rufe shago da wuri ranar Talata. Nafi'u, ka ce wa yaron ya zo da littafin nan mai shafi uku, ina so in karanta kafin mu fara. Kuma ina da ɗan lido saiti guda da ban taɓa amfani da shi ba, zan taho mashi da shi.

Nafi'u: An gode Malam. Ƙarfe nawa?

Bishir: Huɗu da rabi, da an sallame la'asar. Sadiya, ki buga mani takardar jarumi guda uku babu rubutu, ki ba Abba ya taho da su.